Daga Damagaram zuwa Matamaye a jirgi mai inji biyu, ba tare da barin ɗaki ba

Ɗan Matamaye da ke zaune a ƙasar waje na iya leƙa gida ta sama. Manhajar Microsoft Flight Simulator, wadda ta fito a 2020, ta zana duniya da hotunan tauraron ɗan'adam, har da filin jirgin Damagaram da hanyar da ta ratsa Matamaye ta nufi Daura.

Cikin jiragen da ake saya daban a ƙara wa manhajar akwai Diamond DA42, ƙirar Ostiriya, mai inji biyu da kujeru huɗu. Da irinsa ake koyar da ɗalibai a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya.

Tashi da shi ba wuya. Gwajin gaske shi ne a kashe inji ɗaya a sama: nan take hancin jirgin zai karkata ɓangaren injin da ya mutu, dole matuƙi ya taka fedar ɗaya ɓangaren, in ba haka ba jirgin ya ƙwace masa.

Manhajar ba ta ba da lasisi, kuma tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri. Amma matashin da ke sha'awar aikin zai gane ko zai iya, kafin iyayensa su sayar da gona.