Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Cikin Hazo

Idan hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, fadamun Haɗejiya da Nguru sukan cika da baƙi. Dubban agwagin ruwa sukan guje wa sanyin Turai, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka cikin 'yan gida, wato dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. A Dagona, cikin Jihar Yobe, har an keɓe musu wuri inda aka hana farauta. Ga mai son ɗaukar hoton tsuntsu, lokacinsa ke nan. Amma kuma lokacin hazo ke nan, sa'ad da rana takan fito fara fat kamar faifai, ba ta da ƙarfi.

Me ya sa ƙarancin haske yake ɓata hoto? A cikin kyamara akwai wata 'yar ƙofa mai buɗewa ta rufe. In haske ya yi kaɗan, sai ta daɗe a buɗe. Tsuntsu kuwa ba ya jiran kowa. Da ya motsa, hoton ya fito dishi-dishi. Ga mai tashi sama, ƙofar ta rufe cikin kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa. Ga zalɓen da ya tsaya cik, ɗaya bisa 250 ya isa, in ka ɗora kyamarar a kan kututture. Ka ƙara lambar ISO zuwa 1600. Hoton zai ɗan yi yashi-yashi, amma ya fi wanda ba a gane kai da gindinsa.

Farin sama kuma yakan ruɗi kyamara, ta zaci haske ya yi yawa, sai tsuntsun ya fito baƙi ƙirin. Maganinsa shi ne ka ba rana baya, ka ƙara hasken kyamarar mataki ɗaya. Kada ka sake gilashi a fili, gama ƙura tana shiga. Ka rufe kyamarar da ƙyalle in ba aiki take yi ba.

Babbar wahalar ita ce nisa. Yawan nisa, yawan ƙurar da ke tsakaninka da tsuntsun, ba kuwa gilashin da zai share ta. Dole ku kusanci juna. A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan bi garken, ko su sa yaro ya yi jifa domin su sami hoton tashi. Ya mai karatu, ka tuna waɗannan baƙi kiwo ya kawo su. Wajen watan Maris za su koma, kitsen da suka tara kuwa shi ne guzurinsu a kan hamada. Duk tashin da ka sa suka yi a banza, guzurin nan ka rage.

Saboda haka ka yi sammako. Ka sa riga mai launin ƙasa, ka zauna a bakin kacalla tun kafin gari ya waye, ka yi shiru. Sannu ba ta hana zuwa. Su da kansu za su matso suna kiwo, har ka ga ɗigon ruwa a bakinsu. Ka ɗauki hotonka, ka tashi a hankali, ka bar su suna cin abincinsu.