Fim ɗin Madubi na Tarkovsky da Hikimar Sake Kallonsa

Fim ɗin Zerkalo, wato Madubi, wanda Andrei Tarkovsky ya shirya a kamfanin Mosfilm aka kuma saki a 1975, yana cikin finafinan da kallo ɗaya ba ya wadatarwa. Dalili kuwa shi ne ba a jera labarin bisa tsarin lokaci ba. Alexei, majinyacin da ba a nuna fuskarsa, yana tuno rayuwarsa yadda tunani da mafarki suke zuwa: ƙuruciya a karkara kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wahalar yaƙin, da mutuwar aurensa.

Abin da ya fi rikita mai kallo shi ne Margarita Terekhova ce mahaifiyar Alexei, ita ce kuma matarsa. Da gangan aka yi haka, domin duk lokacin da ya tuno mahaifiyarsa tana matashiya, fuskar matarsa yake gani. Haka nan yaro ɗaya, Ignat Daniltsev, ya fito a matsayin Alexei da kuma ɗansa. Uba ya bar gida, ɗan ma ya maimaita.

Labarin na gidan Tarkovsky ne. Mahaifinsa, Arseny, shi ke karanta waƙoƙinsa da muryarsa, mahaifiyarsa Maria Vishnyakova kuma ta fito a matsayin tsohuwar.

A kallon farko, hankali kan tafi ga tantance wane ne wane. Sai a na biyu ake ganin jigon: nadamar ɗan da ya kasa sāka wa waɗanda suka ƙaunace shi.