Matan Da Ke Gasa Gurasar Kano

Duk wanda ya ce ya san birnin Kano, alhali bai taɓa ratsa lungunan Jakara da Ceɗiyar 'Yan Gurasa da asuba ba, to, ganuwa kaɗai ya gani. Mu dai mun ratsa, ƙamshi ne ma ya yi mana jagora.

A cikin gidajen nan mata ke gasa gurasa. Tun da dare su kan kwaɓa fulawa da yis da ɗan gishiri, su rufe ƙullin ya tashi. Kafin assalatu an hura tanderu, watau wata tukunyar ƙasa mai zurfi. Sai ka ga mace ta zura hannu har gwiwa, ta manna ƙulli a jikin tukunyar, ko gezau. Mun gwada leƙawa, hucin wuta ya koro mu, yaran gidan suka yi ta dariya.

Gari na wayewa an ɗebe ta zuwa wurin masu tsire da masu bandashe, waɗanda ke barbaɗa mata ƙuli-ƙuli da yaji da albasa, su yarfa man gyaɗa. Ba mu raina burodin kanti ba, amma ba shi riƙe cikin ma'aikaci kamar wannan.

Sai dai kuwa sana'ar tana cikin matsi, gama yawancin alkamar daga ƙasashen waje a ke sayo ta. A watan Fabrairu na 2024, tsadar fulawa ta sa matan nan suka bar tanderu suka fito kan titi suna kuka da ita.