Harsashin .22 da Haddin Ƙarfinsa

Daga cikin dukan harsasan da maƙeran Turai da Amurka suka ƙago tun sa'ad da aka bar ɗura bindiga ta baki, da wuya a sami wanda ya bazu cikin duniya, ya kuma daɗe ana aiki da shi ba a sauya siffarsa ba, kamar ɗan ƙaramin nan da ake kira .22 Long Rifle, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fitar a 1887. Asalin hikimar kuwa ta wani Bafaranshe ce, Flobert, wanda a 1845 ya yi harsashin da maganin tada wutarsa ke cikin leɓen gindin kwanso, ta yadda da an ja kunama, allurar bindiga ta bugi gefen, sai wuta ta kama. Wannan dabara ita ce sababin arharsa, ita ce kuma sababin rauninsa, domin kwanson da zai lotse da bugu ɗaya lalle ne ya zama marar kauri, marar kauri kuwa ba ya jure albarushi mai yawa.

Dalmar da yake jefawa nauyinta giram 2.6 ne, kaurinta milimita 5.6, tana barin bakin bindiga da saurin mita 330 zuwa 380 cikin daƙiƙa guda. Ba ya dukan kafaɗa, ba ya firgita mai koyo da ƙara, saboda haka ne masu gasar Olamfik suke harbin bārā da shi daga mita 50, kuma mafarautan zomo da kurege suka riƙe shi aboki. Amma da zarar an wuce wannan tazara al'amarinsa ya fara sauyawa, gama bindigar da aka daidaita saitinta a mita 50, dalmarta takan sauka ƙasa da kimanin santimita 15 kafin ta kai mita 100, iska ƙanƙanuwa ma ta ishe ta karkatar da ita.

A nan ne mas'alar take, wadda na ga ya wajaba a tsaya a kanta. Wasu maharba, saboda sun ji labarin wanda ya kā da babbar dabba da shi, sukan ɗauki abin da ya auku bisa dace su mai da shi ƙa'ida, alhali kuwa ƙarfinsa bai fi kashi ɗaya cikin 20 na harsashin .308 Winchester ba. Abin da ya fi aukuwa shi ne dalma ta shige ta maƙale ba ta isa makasa ba, dabba ta tsere da rauni, ta yi kwanaki cikin azaba kafin ta mutu a inda ba mai amfana da namanta. Shari'a ta umurci mai yanka da mai farauta da ihsani, wato gaggauta fitar rai ba tare da azabtarwa ba, kuma hankalin masu tsara dokoki ya kai su ga wannan hukunci ta wata hanya, tun da dokar Ingila ta 1991 ta hana harbin manyan barewarsu da harsashin da kaurinsa bai kai .240 ba.

Sa'an nan akwai kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni, shi ne raina harsashin. Dalmar da ta gaza kā da barewa tana iya kashe ɗan Adam, tana tafiya fiye da kilomita 1 idan aka ɗaga bakin bindiga sama, kuma tana yawan tsalle ta sauya hanya idan ta bugi dutse ko fuskar ruwa.

Ya kai mai karatu, in Allah ya sa bindigar .22 ta zo hannunka bisa izinin hukuma, to, tsayar da ita ga ƙananan namun daji da ke kusa, kuma kada ka ja kunama sai ka tabbatar da abin da ke bayan abin da ka auna.