"Kunnen ƙashi" ko rashin ji? Abin da ya kamata iyaye a Zango su sani idan yaro ya makara bai fara magana ba

Wata maƙwabciyata a Nima ta tare ni da yamma ina dawowa daga makaranta, tana riƙe da hannun ɗanta mai shekara biyu da wata huɗu.

"Malama, ke da kike cikin yara kullum, duba mini yaron nan. Sai in yi ta kiransa bai juyo ba. Hajiya ta ce kunnen ƙashi ne, wai ubansa ma sai da ya shekara uku ya yi magana."

Yaron yana da kuzari, yana dariya, yana nuna abin da yake so da yatsa. Amma ko "mama" ba ya cewa, kuma sai da ya kusa shekara ɗaya da rabi ya fara tafiya. Da na tsaya a bayansa na kira sunansa, bai motsa ba. Da babur ya wuce da ƙara, sai ya waiwaya. Uwar ta ce, "Kin gani? Ai yana ji."

A nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa.

Ji hawa-hawa ne

Tsakanin mai ji sarai da kurman da ba ya jin komai akwai matakai. Yaro na iya jin lasifikar masallaci da hon ɗin mota a titin Nima, amma ƙananan sautuka irin su "s" da "f" da "sh" ba sa isa gare shi. Magana na zuwar masa kamar rediyon da ba a kama tasha daidai ba. Abin da kunne bai kai wa ƙwaƙwalwa ba kuwa, baki ba zai iya maimaita shi ba.

Shi ya sa gwajin gida, irin tafa hannu ko buga murfin tukunya, ba ya wadatarwa. Yaron da ba ya ji yakan kaifafa ido: yana ganin inuwa, yana jin girgizar ƙasa, sai ya juyo a zaci sauti ya ji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke fama da raunin ji mai nakasawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na matsalar ji a yara ana iya kauce mata.

Alamomin da za a lura da su

Jariri sabon haihuwa yakan zabura idan aka yi ƙara mai ƙarfi. Zuwa wata 6 yakan juya wajen da murya ta fito. Tsakanin wata 6 da 9 yakan fara gwaranci, "bababa", "dadada". Wajen shekara 1 yakan amsa sunansa, ya furta kalma ɗaya ko biyu. A shekara 2 ana sa ran ya haɗa kalmomi biyu, kamar "Mama ruwa".

Yara sun bambanta, ana iya samun ratar 'yan watanni. Amma idan jariri ya fara gwaranci sannan ya yi shiru, ko ya kai wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko ya daina faɗin abin da ya riga ya iya, to kada a jira. Jinkirin zama da tafiya ma na iya haɗuwa da matsalar ji, domin gaɓar da ke daidaita tsayuwar mutum tana can cikin kunne.

Akwai wani uzuri da na sha ji a Nima da Maamobi: wai harsuna ne suka yi wa yaro yawa, ga Hausa a gida, ga Twi da Ga a waje, ga Turanci, ga Larabci a makarantar allo. Yawan harshe ba ya hana yaro magana. Zai iya cakuɗa su, amma idan aka tattara kalmomin da ya sani a dukansu, yakan yi daidai da sa'o'insa.

Me ke jawo matsalar?

Wani lokaci gado ne, ko da iyayen duka suna ji. Fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa kurame iyayensu masu ji ne, kuma auren zumunta na ƙara yiwuwar haɗuwar irin wannan ƙwayar halitta. A nan Ghana, ƙauyen Adamorobe da ke kusa da Aburi ya shahara da kurumtar gado, har mutanensa suna da maganar hannu tasu ta kansu.

Sauran dalilan sun haɗa da cutar rubela a lokacin goyon ciki, haihuwar bakwaini, wahalar naƙuda da ke hana jariri numfashi da wuri, da shawara mai tsanani a makon farko. Bayan haihuwa akwai sanƙarau, ƙyanda, hangum, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da wasu allurai masu ƙarfi irin su jentamaisin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Tun 2013 Ghana ta shigar da rigakafin rubela haɗe da na ƙyanda, don haka cika allurai a wurin awo kariya ce ga kunne ma.

Wanda ya fi yawa, kuma ya fi sauƙin magani, shi ne taruwar ruwa a bayan dodon kunne bayan mura, ko kunne mai zubar da mugunya. Kada a ɗiga mai, ko ruwan albasa, ko nonon uwa, kuma kada a sa tsinke. A kai asibiti.

Ina za a je?

A fara da wurin awo ko asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Maamobi, da littafin lafiyar uwa da yaro a hannu. A faɗa ƙarara: "Ina so a gwada jin ɗana." A nemi takardar turawa zuwa likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda a Ghana da Najeriya ake kira ENT, a Nijar da Togo da Benin da Kamaru kuma ORL. Asibitin Koyarwa na Korle Bu yana da cibiyar gwajin ji.

Gwajin ba ya da zafi, kuma ba sai yaro ya iya magana ba. A wanda ake kira OAE, ɗan abu ake sa wa a bakin kunne na 'yan mintoci. A ABR kuwa, ana manna wayoyi a kai yaro yana barci, a auna yadda jijiyar ji ke amsa sauti. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a tantance jariri kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Wanda ya wuce wannan bai yi asara ba, sai dai kowane wata da aka ƙara yana da tsada.

Idan gwaji ya nuna ji lafiya lau, a ci gaba da bincike wurin likitan yara, domin jinkirin magana na iya zuwa daga otizim, wanda wasu ke kira galahanga, ko wata matsalar girma.

Batun kuɗi kuma: inshorar lafiya ta NHIS na ɗaukar ganin likita da maganin ciwon kunne, amma na'urar ƙara ji ba ta cikin abin da take biya. Gara dangi su san haka tun wuri, su haɗa hannu kamar yadda ake yi wa biki da suna.

Maganar hannu harshe ce

Iyaye da yawa na tsoron cewa idan yaro ya koyi maganar hannu ba zai yi ta baki ba. Ba haka ba ne. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya wuce shekarunsa na farko ba shi da harshe ko ɗaya.

A 1957 wani kurma Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, ya buɗe makarantar kurame a Osu cikin Accra, daga baya ta koma Mampong-Akuapem, inda har yau ake koyar da kurame. Akwai wata a Adjei Kojo kusa da Tema, ga kuma ƙungiyar kurame ta ƙasa, GNAD. Dokar Naƙasassu ta 2006 ta tabbatar wa irin waɗannan yara haƙƙin karatu. Mu ma Hausawa ba baƙi ba ne a nan: kuramen Kano sun daɗe da maganar hannunsu, kuma makarantar Tudun Maliki sananniya ce.

Kafin ranar ganin likita, a riƙa durƙusawa daidai fuskar yaro, a rage ƙarar talabijin, a ambaci sunan duk abin da ake yi: wanka, koko, takalmi. A daina dukansa don bai amsa kira ba, a kuma hana yaran gida kiransa "bebe". Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne, a haɗa su.

Maƙwabciyata ta kai ɗanta. Gwaji ya nuna raunin ji a kunnuwa biyu, sai ta tuna idanunsa sun yi rawaya kafin ranar suna. Har yanzu ana tara kuɗin na'ura, amma gidan sun fara koyon alamu. Kakar nan da ta ce kunnen ƙashi ne, ita ta fara iya alamar "ruwa", kuma yanzu ita ke tare matan layinmu tana ce musu, "'Yata, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai shi a duba."