ZAƁEN ƊAKI MAI ARAHA A JIRGIN RUWA

Mutanen Lafagu da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, can wajen iyakar Binin inda Kwara ta shigo Nijeriya, ba baƙin jirgi ba ne. Wanda duk ya taɓa bin kogin nan, ko ya gangara Yawuri ko ya haura Malanbil, ya san tsakiyar jirgi ta fi goshi da gindi kwanciya. To, ilmin nan na fatake shi ne kan gaba ga wanda zai zaɓi ɗaki a babban jirgin teku, aljihunsa kuwa ba nauyi.

A da can, akawunan En'e da malaman makaranta da a ke aikawa kwas Ingila ta jiragen kamfanin Elder Dempster su ke tafiya. Mafi shahara cikinsu shi ne Aureol, wanda aka ƙera a Gilasgo, ya fara aiki cikin 1951. Daga Ikko zuwa Libaful wajen mako biyu ne, a kan kuwa ratsa Firitawun da Las Palmas. Masu hali su na aji na ɗaya, sauran su na aji na ƙasa. Cikin 1974 aka tsai da shi, don jirgin sama ya kwashe fasinja.

Manyan jiragen fasinja na yanzu galibi na yawon shaƙatawa ne, ɗakunansu kuwa iri huɗu: na ciki wanda ba shi da taga, da mai taga, da mai baranda, da babban masauki na attajirai. Na cikin nan shi ya fi araha. An ce araha ba ta ado, gaskiya ne, amma mai shi da mai baranda ɗakin cin abinci ɗaya su ke shiga, rana ɗaya kuma su ke sauka. Aibinsa duhu, ba ka san fitowar alfijir ba sai da agogo.

Abin lura na farko, wurin da ɗakin ya ke. Nemi na tsakiya, a bene na ƙasa-ƙasa, gama nan ne igiyar ruwa ba ta jijjiga mutum ƙwarai, jiri da amai su kan yi sauƙi. Guji maƙwabtaka da inji, ko ƙarƙashin ɗakin rawa da madafa, in ba haka ba barci ya ƙaurace maka. Akwai kuma rangwame ga wanda ya yarda kamfani ya zaɓa masa ɗaki, amma fa inda aka ajiye shi nan zai kwana.

Na biyu, lissafi. Kuɗin da a ke tallatawa na mutum ɗaya ne cikin ɗakin mutum biyu, wanda ya ke shi kaɗai ya kan biya kusan ninki. Sau da yawa tukuicin ma'aikata, da abin sha, da intanet, da yawon gari a tashoshi duk dabam a ke biya. Sai a tara su tukuna, sa'an nan a san ko arahar ta gaske ce.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne rai. Cikin Janairu 2012 jirgin Costa Concordia ya yi karo da dutse a gaɓar Italiya, mutum 32 suka rasu. Tun 2015 doka ta tilasta a koya wa fasinja hanyar tsira kafin jirgi ya tashi, ko da tashinsa nan take. Nan gida ma ba mu mance jirgin da ya nutse kusa da Warra cikin Mayu 2021 ba, cike maƙil da 'yan kasuwa. Saboda haka da shigarka ɗaki, duba inda rigar ruwa ta ke, ka ƙidaya ƙofofin da ke tsakaninka da matakala, yadda ko fitilu sun mutu za ka lalubo hanya.

A yi tsimi wajen taga da baranda, kada a yi shi wajen rai. Allah shi kai kowa lafiya, shi komo da shi lafiya, amin.