Matatar Ƙarƙashin Tsakuwa: Shin Ta Dace Da Kifin Gidanka?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta isa su saurara ba.

Yau maganar ruwa za mu yi. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, matsalar tsaro ta hana matasa da yawa zuwa gonakin nesa, har wasu suka koma neman abin yi a cikin gida. Wani ya gina tankin siminti ya zuba tarwada, wani kuma kifin ado yake ajiyewa a akwatin gilashi. Amma kukan ɗaya ne: kifi na mutuwa alhali ruwa garau yake. To me ke faruwa?

Kifi yana fitar da wani sinadari mai suna amoniya ta matsefinsa, ragowar abinci da kashinsa ma in sun ruɓe amoniya suke zama. Ba a ganinta da ido, amma guba ce. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da ita nitirayit, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mayar da shi nitiret, mai sauƙin illa. Waɗannan ƙwayoyin a jikin tsakuwa ko soso suke zama, kuma suna buƙatar iskar oksijin. Kafin su yi yawa a sabon tanki sai an yi kamar mako 4 zuwa 6. Ka ga ke nan babban aikin matata shi ne ba su masauki.

Matatar ƙarƙashin tsakuwa faranti ne na roba mai ƙananan huji da ake shimfiɗawa a ƙasan tanki, a zuba tsakuwa a kai mai kaurin kamar santimita 5 zuwa 7. Bututu yana tashi daga farantin zuwa sama, ɗan injin iska yana hura kumfa a ciki. Kumfar na tashi da ruwa, sai ruwan tankin ya riƙa nutsewa ta cikin tsakuwar don cike gurbin. Duk tsakuwar ta zama gidan bakteriya. Ba ta da tsada, ba ta cin wuri, kuma babu abin da za ka riƙa saya kana canzawa.

Amma fa tana da nata matsalolin. Na farko, dattin ba ya fita, taruwa yake a cikin tsakuwa da ƙarƙashin faranti. In ba ka zuƙe shi da tiyo duk mako ko biyu ba, sai ya toshe hanyar ruwa. Na biyu, kuma wannan ya fi shafarmu, in aka ɗauke wuta na tsawon sa'o'i, ruwa ya tsaya, oksijin ya ƙare a cikin tsakuwar, ƙwayoyin su fara mutuwa. Na uku, tarwada da karfasa masu tono ne. Suna buɗe wuri ɗaya, ruwan duk ya bi ta can, sauran tsakuwar ta zama hoto.

Sai matatar soso. Ita ma injin iska ke tafiyar da ita, amma kana iya ciro ta ka matse a bokiti cikin minti biyu. Ba ta zuƙe 'ya'yan kifi, shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke sonta. Akwai kuma wadda ake ratayawa a bayan gilashi, da ta gwangwani da ake ajiyewa a waje. Suna kwashe datti sosai, sai dai sun fi tsada, kuma famfonsu ya fi injin iska cin wuta. Mai tankin tarwada kuwa yana iya haɗa tasa da duro biyu: na farko datti ya kwanta a ƙasa a buɗe a zubar, na biyu a cika da tsakuwa ko murafan roba don bakteriya.

To wacce za ka ɗauka? In ƙaramin akwati ne mai ƙananan kifin ado kaɗan, kuma kana da injin iska mai batir ko sola, ta ƙarƙashin tsakuwa za ta yi maka. In ba ka da tabbacin wuta, ɗauki soso. In tarwada ce ta sayarwa, manta da faranti, kashinta ya fi ƙarfinsa. Kar juriyarta ta ruɗe ka. Tana iya shaƙar iska daga sama, don haka takan rayu a gurɓataccen ruwa, amma cinta zai ragu, girmanta ya tsaya, kuɗin abincinka ya tafi a banza.

Ko wacce ka zaɓa, ka riƙe abu uku. Kar ka wanke soso ko tsakuwa da ruwan famfo mai kulorin, da ruwan tankin za ka wanke. A akwatin ado, ka canza kamar kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na ruwan duk mako, domin waɗannan matatun ba sa cire nitiret. Sannan a zafin Maris zuwa Mayu ka rage abinci ka ƙara iska, saboda ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa, kuma amoniya ta fi dafi a lokacin.

Ruwan da ka cire kar ka zubar a kwata. Taki ne, ka ba alayyahu ko zogalen bayan ɗaki.

'Yan uwana matasa, jarin da aka tara da ƙyar bai kamata ya salwanta saboda rashin sani ba. Wanda ya gwada ɗaya daga cikin hanyoyin nan ya faɗa mana yadda ta kasance, a tura wa wanda ke shirin farawa. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in sha Allah.